Dalilin da ya sa lambunan Abuja ke sauya launi a ƙarshen kaka

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a Abuja a ƙarshen watan Oktoba, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, sai lambunan birnin su fara sauya kama. Ana ganin haka a filin shaƙatawa na Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003, da kuma gefen titunan Asokoro da Wuse.

A Turai, sanyi da gajartar yini ne ke rina ganye. A Abuja kuwa ƙishirwa ce. Idan ƙasa ta bushe, itace yakan janye sinadarin kulorofil mai sa ganye kore, sai ruwan ɗorawar da ke ɓoye ya bayyana. Itacen almon mai faffaɗan ganye, wanda ake dasawa domin inuwa, yakan ƙara da wani sinadari ja, ganyensa ya yi jawur kafin ya zube.

Zubar ganye ba mutuwa ba ce, dabara ce ta tattalin ruwa. Mai gidan da ya sa gatari ga irin wannan itace a watan Disamba ya yi asarar inuwar shekaru.

Abin sha'awa, lokacin ne wasu itatuwan ke fure. Gurjiya takan tsaya ba ganye ko ɗaya, rassanta cike da jan fure mai kauri, wanda ƙabilar Tibi ke miyar genger da gindinsa. Minjirya ma jan fure take yi. Mangwaro yakan biyo baya daga Disamba.

Sai bogenbiliya, wadda ta lulluɓe katangun Abuja, asalinta Kudancin Amurka. Abin da ake gani ja ko shunayya a jikinta ganye ne na musamman; furen gaskiya ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Ƙarancin ruwa ke sa ta cika da launi, saboda haka mai yi mata ban-ruwa safe da yamma ganye kore kawai zai samu, ga asarar kuɗin ruwa.

Busasshen ganyen da masu shara ke cinna wa wuta kuwa, hayaƙinsa ƙari ne kan ƙurar hunturu. Idan aka shimfiɗa shi a gindin shuka, yakan riƙe laima har zuwa ruwan farko a watan Maris ko Afrilu.