Karatun shari'a: siraɗin shekarar farko

A Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, inda jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai take, ɗaliban sashen shari'a sun san cewa samun bakaloreya buɗe ƙofa ne kawai. Babban shinge yana ƙarshen zangon karatu, ranar jarrabawa, inda ake neman maki 10 bisa 20.

Abin da ke kayar da yawancinsu ba rashin hadda ba ne. Yaron da ya saba a lise da mayar wa malami darasinsa yakan tarar da wani salo dabam: a ba shi hukuncin da wata kotu ta yanke, a ce ya warware shi, ko a ba shi rigimar mutum biyu, a ce ya nemo ayar dokar da za ta raba su. Amsa kuma sai ta zo kashi biyu, kowane kashi da reshe biyu, cikin Faransanci marar tuntuɓe. Wanda ya kauce wa wannan tsari ya faɗi, ko da ya haddace littafin dukansa.

Ga kuma nauyin dokokin kansu. Nijar ta gaji kundin dokar farar hula na Faransa na 1804, amma kan aure, saki da gado, kotuna na bin al'ada. Kasuwanci kuwa yana ƙarƙashin dokokin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993. Tilas ɗalibi ya san inda kowace ta tsaya.

Sauran wahalar ta aljihu ce: cunkoso a zauren darasi, tsadar littattafai, da kuɗin alawus da kan makara. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya faɗi, ya kuma kasa a zagaye na biyu, ya ƙara wa iyayensa shekara guda ta ciyarwa. Buɗe sashen shari'a a jami'ar Tawa ya rage wa wasu nisan tafiya, amma bai sassauta ma'auni ba.

Sassaucin ma ba alheri ba ne. Ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a kwastan, da ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, gaban waɗannan yara za su tsaya gobe. Iyayen da ke aika kuɗin kwafin darussa kowane wata su sani: gara ɗansu ya maimaita aji da ya yi kuskure a kan haƙƙin wani.