Ko Kun Sani? Masana'antar Taki a Saiwar Wake

Ko kun san manomin Bagudo da ke shuka wake a tsakanin gero yana da ma'aikatan taki da ba ya biyansu ko sisi? Ku tuge gindin wake ko gyaɗa a gonakin Illo, Kaoje ko Tsamiya da ke bakin iyakar Benin, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A cikinsu ne ƙwayoyin halitta masu suna rizobiyam suke zaune. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cinsa haka nan, sai waɗannan ƙwayoyi sun sarrafa mata shi, ita kuma ta saka musu da sukari. Idan kun fasa ƙulli kuka tarar da cikinsa jaja-jaja, to aiki na tafiya. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware waɗannan ƙwayoyi a 1888.

Kogin Kwara da ke ratsa Bagudo kuwa Tekun Atilantika ya nufa, inda wata ƙwaya mai suna Trichodesmium take irin wannan aiki a saman ruwa. Tana buƙatar sinadarin ƙarfe, kuma ƙurar Sahara, irin wadda ke rufe mana sama da hunturu, na cikin masu kai mata shi. Ashe hazon da ke sa mu tari yana taimakawa wajen ciyar da kifin teku!