Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa J.R.R. Tolkien, Baturen Ingila da ya rubuta The Lord of the Rings, harsuna ya fara ƙirƙira, labarin ya biyo baya? Tun wajen 1915 yake wannan aiki, don sha'awa kawai, a lokacin hutunsa.

Yana ɗalibi a Jami'ar Oxford ya ci karo da littafin nahawun harshen Finlan, tsarinsa ya tafi da hankalinsa. Daga nan ya gina Quenya, harshen da ke liƙa wa suna ɗafa-ƙeya a inda mu za mu sa wata kalma a gaba. Cirya jirgin ruwa ne. Ciryanna, zuwa ga jirgi. Ciryallo, daga jirgi. Ciryasse, cikin jirgi.

Harshe na biyu, Sindarin, ya ɗauko salon harshen Wales. Nan wasulan cikin kalma ne ke sauyawa a jam'i: adan, mutum, ya koma edain, amon, tudu, ya koma emyn. Bahaushen da ke cewa gulbi da gulabe ba zai ga baƙon abu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ƙirƙire su a rarrabe ba. Sai da ya tsara musu uwa ɗaya, sannan ya bi dokokin sauyin sauti har kowanne ya kama gabansa. Ya rasu a 1973 yana ta gyaran nahawunsu, bai kammala ko ɗaya ba.