Daga baraguzan Otal ɗin Daula zuwa gonakin Ungogo: wa ke da ƙasa a Kano?

A farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka shiga harabar tsohon Otal ɗin Daula da ke kan titin Murtala Muhammad a birnin Kano. Abin da suka tarar a wurin ba tsohon otal ɗin da dattawa suka sani ba ne. Sabbin gine-gine ne da kamfanin Lamash Properties ya ɗaga a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje: otal mai ɗakuna 90, da rukunin gidajen alfarma, da shaguna. Kafin ƙura ta lafa matasa sun yi dafifi suna kwasar rodi da ƙofofi da tagogi, abin da aka riƙa kira ganima. 'Yan sanda sun kama gommai daga cikinsu, kuma daga baya wani sashe na ginin ya rufta a kan wasu masu tsintar ƙarfe.

Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan Kwankwasiyya da Gandujiyya. Amma dokar da ake jayayya a kanta a shari'ar Daula ita ce kuma ke riƙe da gonar manomin Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir, wanda bai taɓa taka harabar otal ɗin ba.

Yadda aka zo nan

Otal ɗin Daula mallakar gwamnatin jiha ne. Bayan ya durƙushe, gwamnatin Rabiu Musa Kwankwaso ta biyu ta mayar da harabar wurin koyar da aikin otal da yawon buɗe ido. Gwamnatin Ganduje kuma ta miƙa filin ga kamfani a ƙarƙashin abin da ta kira haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa. Tsarin, kamar yadda kamfanin ya bayyana, shi ne gwamnati ta kawo fili, kamfani ya kawo kuɗi ya yi gini, otal ya zama rabon gwamnati, shi kuma ya mayar da kuɗinsa daga gidajen da shagunan.

'Yan adawa na lokacin ba su yarda da wannan fassara ba. A wurinsu an yi gwanjon dukiyar jama'a ne ga na kusa da gwamnati, aka lulluɓe cinikin da sunan haɗin gwiwa. Tun a watan Maris na 2023, bayan ya ci zaɓe a jam'iyyar NNPP kuma kafin a rantsar da shi, Abba ya fitar da sanarwar gargaɗi ga masu gini a filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu da wuraren ibada da ganuwa cewa su dakata. Saboda haka ba za a ce rusau ya zo ba zato ba. An yi alkawarinsa a bainar jama'a, kuma masu zaɓe da yawa sun yi masa tafi.

Aka fara da wani bene mai shaguna 90 a filin sukuwa na Nasarawa ranar 3 ga Yuni, sannan Daula, da shagunan Filin Idi, da gine-ginen sansanin alhazai, har da shataletalen kusa da gidan gwamnati. Zafin lamarin ya kai fadar shugaban ƙasa, inda Ganduje ya shaida wa 'yan jarida cewa da ya haɗu da Kwankwaso a can da zai iya marinsa.

Abin da kotuna suka ce

'Yan kasuwar Filin Idi ne suka fara samun hukunci. A ƙarshen watan Satumban 2023 Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ya umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. Da kuɗin bai fito ba suka nufi wata kotun tarayya a Abuja, wadda ta ba da umarnin riƙe asusun gwamnatin jihar a bankuna. A watan Disamba aka yi sulhu a kan naira biliyan 3, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da kotu ta yanke. Kamfanin Lamash, wanda tun farko ya ce zai nemi naira biliyan 10, ya samu nasa hukuncin a 2024, inda babbar kotun jiha ta ce a biya shi kimanin naira biliyan 8.5.

Ratar da ke tsakanin biliyan 30 da biliyan 3 tana da dalili. Cin shari'a a kan gwamnati daban, karɓar kuɗin daban. Akwai ɗaukaka ƙara da ke iya cin shekaru, akwai kuma tanadin doka da ke neman amincewar babban lauyan gwamnati kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, alhali shi wannan lauyan yana cikin waɗanda ake ƙara. Ɗan kasuwar da jarinsa ke ƙarƙashin baraguzai yakan gwammace kaɗan a hannu.

Ya kamata a lura da abin da waɗannan hukunce-hukunce suka tsaya a kai. Ba su wanke yadda aka raba filayen tun farko ba. Wannan tambaya ce ta daban, kuma gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike na shari'a a 2024 don bin diddigin kadarorin gwamnati da aka sayar tsakanin 2015 da 2023. Abin da ke gaban alƙalan shi ne ko gwamnati na da ikon rushe ginin mutumin da ke riƙe da takardun da ita kanta ta ba shi, ba tare da bin matakan doka ba. A idon doka gwamnati ɗaya ce ko da gwamna ya canza. Sa hannun Ganduje yana ɗaure Abba har sai an warware shi ta hanyar da doka ta shimfiɗa.

Dokar 1978

Tushen komai shi ne Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978. Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Najeriya. Ke nan abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin Turawan mulkin mallaka sun ɗora ƙasa a hannun gwamna tun dokar 1910, kuma dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu. Dokar 1978 ta ɗauki tsarin Arewa ne ta shimfiɗa wa ƙasar baki ɗaya, aka kuma ɗaure ta a cikin kundin tsarin mulki, yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum idan akwai muradin jama'a da ya rinjaya, ko idan mai takardar ya saɓa sharuɗɗanta. Amma ikon yana da ƙa'ida. Dole jami'in da aka ba izini ya sa hannu a takardar sokewa, dole a isar da ita ga mai filin, kuma haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai sanarwar ta kai gare shi. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙara da cewa ba a karɓe dukiyar mutum sai da biyan diyya cikin gaggawa da kuma damar zuwa kotu.

Akwai wani hukunci da ya kamata ɓangarorin biyu su riƙa tunawa. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, Kotun Ƙoli ta ce ƙwace fili daga wani don a ba wani ɗan kasuwa ya yi harkar kansa ba muradin jama'a ba ne, kuma sokewar da ba a isar da sanarwarta ba banza ce. Rabin farko na wannan hukunci gargaɗi ne ga gwamnan da ke rabon filaye. Rabi na biyu gargaɗi ne ga gwamnan da ke aika motar rusau da asuba.

Abin da ya shafi manomi

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa, wajen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir har zuwa Bichi da Dambatta, tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki. Jakuna na kai itace da amfanin gona birni, su komo da shara da toka da kashin dabbobi. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona, kowace bishiya da mai ita. Babu daji a nan da za a ce ba na kowa ba ne. Kowane taƙi yana da sunan wanda ya gada, ko ya saya, ko ya karɓi jingina.

Sai dai galibin waɗannan gonaki ba su da takardar gwamnati. Shaidarsu ita ce mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka, wani lokaci da takardar ciniki ta hannu ko hukuncin rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci. Doka ba ta yi watsi da su ba: sashe na 36 ya ɗauki wanda ke noma gonarsa a karkara kafin 1978 tamkar an ba shi haƙƙin gargajiya. Amma sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, kuma da zarar an yi haka ikon ƙasar ya bar hannun ƙaramar hukuma ya koma gidan gwamnati.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lissafin diyya. Sashe na 29 bai sa a biya kuɗin ƙasar kanta ba. Abin da ake biya shi ne abin da aka ɗora a kanta: gini, da rijiya, da amfanin da ke tsaye, da itatuwa masu amfani. Kamfanin da ya zuba siminti da rodi yana da rasit da ƙiyasin masana da zai ajiye gaban alƙali, shi ya sa lissafinsa ke kaiwa biliyoyi. Manomin da kakanninsa suka shekara ɗari suna zuba taki har ƙasar ta yi baƙi, za a ƙirga masa ɗorawa biyu da kuka ɗaya. Idan aka zo awo da rani, bayan an girbe, ko amfanin ma babu. A Kano an saba rage wannan zafi ta hanyar ba mai gona wani kaso na fulotan da aka yanka, amma wannan tsari ne na gwamnati mai ci, kuma fuloti ba ya fitar da damin gero.

Wannan lissafi ne ke haifar da awon igiya. Manomin da ya ga birni na matsowa ya san cewa in ya jira gwamnati zai tashi da kuɗin bishiya, in ya kira dillali zai karɓi kuɗin ƙasa. Sai a yanka gonar ƙanana-ƙanana ba hanyar kirki, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Bayan shekaru hukumar tsara birane ta KNUPDA ta zo ta shafa jan fenti. Mai son ganin ƙarshen wannan tafiya ya dubi Ɗorayi. Lokacin da Baturiya Polly Hill ta yi bincikenta a can a farkon shekarun 1970, ƙauyen manoma ne masu gidaje a warwatse cikin gonaki. Yau unguwa ce cunkusasshiya a cikin birni.

Matsin kuwa ƙaruwa yake yi ta arewa. Kasuwar hatsi ta Dawanau na ci gaba da faɗaɗa a kan hanyar Katsina, rukunin gidajen Bandirawo da aka gina a zamanin Kwankwaso yana kan wannan hanya, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratsa ta Dambatta ya nufi Kazaure da Daura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka a kan gonar wani ya sauka.

Rimin Zakara

A watan Fabrairun 2025 motocin rusau suka shiga Rimin Zakara a ƙaramar hukumar Ungogo cikin dare, a kan filin da Jami'ar Bayero ke cewa nata ne tun shekaru da dama, mazauna kuma ke cewa gadonsu ne kuma ba a sallame su ba. Aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rasa rayuka. Gwamna ya je ta'aziyya da kansa. Tambayoyin da rikicin ya taso da su su ne na Daula: wa aka ba sanarwa, yaushe, nawa aka biya, ina takardar? Bambancin shi ne masu ginin Daula sun samu manyan lauyoyi da takardu masu hatimi, suka fito da hukuncin biliyoyi, mutanen Rimin Zakara kuwa jana'iza suka fara yi.

Diyyar rusau kuma daga baitulmalin jiha take fita, ba daga aljihun wanda ya raba filin ko wanda ya rushe ginin ba. Naira biliyan 3 ta Filin Idi, da duk abin da za a ƙare a kai a shari'ar Daula, kuɗi ne daga asusun da ake gina ajujuwa a Kunchi da Makoɗa da shi. Manomin da ba a biya shi kuɗin ƙasarsa ba yana cikin masu biyan kuɗin ginin da aka rushe a titin Murtala Muhammad.

Tun ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta buɗe aikin sabunta takardun shaidar mallakar filaye ta hannun hukumar KANGIS, da nufin toshe takardun bogi da rabon fili ɗaya ga mutum biyu. Aikin ya shafi waɗanda ke da takarda ne tun asali. Gonar gado da ke Minjibir, wadda iyakarta jerin aduwa ce da shaidar dagaci, ba ta da takardar da za a sabunta.