Me Ya Sa Jirginka Na Ƙarƙashin Ruwa Ya Ƙi Nutsewa?

 Yaron Kazaure ko Roni da ya ƙware a motar kara da ta langa-langa, ranar da ya ce bari ya ƙera jirgin ƙarƙashin ruwa, irin mai siffar kifi na littafin zanen Tintin na 1944, abu ɗaya ke kayar da shi: jirgin ya ƙi nutsewa.

Lissafi ne fa. Gorar roba mai cin lita 1, in a toshe take, ba ta shigewa ruwa sai nauyinta ya kai wajen kilo 1. Don haka ɗura mata ƙusoshi, amma a ƙasan cikinta, ka liƙe su da gam. In nauyin ya koma sama, kifewa za ta yi.

Kar ka cika nauyin. Bar bayanta yana ɗan leƙowa, sai ka sa balan-balan a ciki, ka haɗa shi da robar ƙarin ruwa da babban sirinji a waje. Ka tura ruwa, ta nutse. Ka zuƙe, ta taso. Manyan jiragen ma haka suke yi, sai dai su da iska suke koro ruwan daga tankunansu.

Gwajin kuma a baho za a yi, don Allah. Ban da dam, ban da kududdufi.