Shin Ko Kun San? Injin da ke Huda Dutse a Ƙarƙashin Ƙasa

• Shin ko kun san akwai injin da ke cin dutse kamar gara, yana tafe yana gina bango a bayansa? Kansa wani ƙaton faifai ne mai haƙoran ƙarfe. Faifan na juyawa yana farfasa dutse, bel na kwashe tsakuwa zuwa baya, injin kuma na jera allunan kankare don kada rufin ya rufto.

• Ba'amurke James Robbins ne ya ƙera irinsa na zamani a farkon shekarun 1950, domin aikin madatsar ruwa ta Oahe.

• Injuna 11 suka haƙa hanyar jirgin ƙasa da ta bi ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Tsawonta kilomita 50, an buɗe ta a 1994.

• Duk da wannan ƙarfi, masu haƙar ma'adinai ba su cika amfani da shi ba. Yana da tsada da nauyi, kuma ba ya iya shan kwana mai kaifi, alhali jijiyar ma'adini karkacewa take yi. Mahaƙar Stillwater ta Amurka da mahaƙar kwal ta Grosvenor a Ostareliya suna cikin 'yan ƙalilan da suka yi aiki da shi.

• A nan Nijar, mahaƙar yuraniyom ta Akuta kusa da Arlit ta kai zurfin mita 250. Kamfanin COMINAK ya yi aiki a cikinta daga 1978 zuwa 31 ga Maris 2021. Da nakiya aka riƙa fasa dutsen a can, ana barin ginshiƙai su tokare rufi.

• A ƙasar Adar kuwa, wajejen Madawa, Buza da Kaita, da diga da shebur ake tono farin dutsen nan mai ƙyalli, wato jips. Shi ake zubawa a siminti don kada ya daskare tun magini bai gama shafe ba. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, ba ta rabuwa da buƙatarsa.

• Babbar fa'idar injin huda dutsen nan ita ce ma'aikaci na zaune cikin garkuwar ƙarfe, ƙasa ba ta rufta masa. Mai digar Adar ba ya buƙatar injin biliyoyi, amma ransa daidai yake da na wancan. Tokare rami da kyau, hular kwano, da barin tono idan damina ta jiƙa ƙasa, duk ba su fi ƙarfinmu ba. Mu nema wa 'yan'uwanmu su.