Kafin Ka Kashe Kwantena da Ƙarfin Tsiya

A ce dillalin masara ne a Funtua ya sa ɗansa ya haɗa masa manhajar lissafi: buhu nawa aka ɗauko daga Dandume, wane manomi ne a Malumfashi ya karɓi taki bashi sai kaka. Masu haɗa manhaja kan zuba irin manhajar cikin abin da suke kira kwantena, wato wani killataccen ɗaki cikin kwamfuta inda manhajar take aiki ita kaɗai. Docker, wanda ya fito a 2013, shi ne sananne.

To, ranar kasuwa manhaja ta cije, direba na ta danna oda, Alhaji dillali na faɗa. Sai yaro ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta docker kill. Nan take komai ya tsaya cik.

Abin da ya yi daidai yake da fizge alƙalami daga hannun magatakarda yana tsakiyar rubutu. Umarnin yana aika saƙon SIGKILL, wanda manhaja ba ta da ikon ƙi ko neman a jira ta. Cinikin da bai gama shiga ma'ajiya ba ya tafi. Ma'ajiyoyi irin PostgreSQL kan farfaɗo da abin da aka riga aka tabbatar, amma fayil ɗin da aka yanke rubutunsa a tsakiya yana iya lalacewa, kuma ba lallai a gane ba sai ranar da manomi ya zo ya ce ai ya biya.

Sauri kan haifi nawa, alhali ga docker stop. Shi yana fara aika SIGTERM, kamar a ce wa mai shago ya tattara kaya magariba ta yi, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya yi amfani da ƙarfi in an ƙi. In lissafin na da yawa, docker stop -t 60 zai ba ta minti guda.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne docker rm -f, don bayan kisa har ɗakin yake rushewa. Duk bayanan da ba a ajiye a waje da kwantenar ba sun bi ruwa.

Alhaji, ba sai ka iya kwamfuta ba. Tambayi yaron ina lissafinka yake kwana, da yaushe rabon da ya kwafe shi zuwa wani wuri. Shi kuma in ya ga lambar 137 bayan kwantena ta mutu, da ƙarfi aka kashe ta. Ya duba cinikin ƙarshe kafin mota ta tashi.